Wane irin daɓe ne a filin US Open, kuma za a iya yin irinsa a Katsina?

Malamin Wasanni, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tenis da waɗanda suka san gini. Makarantarmu tana da tsohon filin tenis na siminti, duk ya tsattsage, har ciyawa ta fito ta wuraren da suka dare. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta amince za ta gyara shi, kuma kowa shuɗin filin nan na gasar US Open yake nunawa a waya, yana cewa irinsa ake so. Wani mai fenti ya ce aikin kwana biyu ne: a sayo fentin ƙasa shuɗi da kore, a shafa, a ja farin layi, shi ke nan. Hankalina bai kwanta da maganar ba.

Abin da nake son sani, mene ne ainihin abin da aka shimfiɗa a can? Me ya sa 'yan wasa suke gudu su tsaya cak ba sa zamewa, alhali namu da an yi yayyafi sai santsi? Nawa ne awon filin da sararin da ake bari a gefe? Kuma da zafinmu na bazara da ƙurar hunturu, me zai fara lalacewa? Allah ya saka da alheri.

Koci, GRA Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Gara da ka tambaya kafin a taɓa kuɗin jama'a. Abin da mai fentin ya faɗa daɓe mai launi zai ba ku, ba filin tenis ba, kuma ruwan farko na damina zai tona asirin aikin.

Ana buga US Open ne a cibiyar tenis ta Billie Jean King da ke Flushing Meadows, a birnin New York na Amurka, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Gasar ta faro tun 1881 a kan ciyawa. Daga 1975 zuwa 1977 aka buga ta a kan yumɓu a Forest Hills, sai a 1978 ta koma inda take yanzu, a kan daɓe mai tauri. Jimmy Connors ya ci kofin a kan dukkan ukun: ciyawa a 1974, yumɓu a 1976, daɓe a 1978. Daga 1978 zuwa 2019 shimfiɗar DecoTurf aka yi amfani da ita, tun 2020 kuma Laykold ce. Shuɗin da mutanenku suke so bai daɗe sosai ba, a 2005 aka kawo shi. Da can filin kore ne baki ɗaya, aka mayar da cikinsa shuɗi domin ƙwallo mai ruwan ɗorawa ta fito sarai ga 'yan wasa da masu kallon talabijin.

Irin wannan fili hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai ƙasar da aka daddaɓe, sai tsakuwa, sai kwalta ko kankare. A kan wannan ake zuba shafi na akirilik, wani irin fenti na musamman, mai cike ƙananan ramuka, wasu su ƙara shafin garin roba don sassauta taurin, sannan shafin launi biyu ko uku, a ƙarshe layuka. Duk abin da ido yake gani a talabijin bai wuce 'yan milimitoci ba.

Amsar tambayarka ta santsi tana cikin yashi. Ana dama yashin silika mai laushi a cikin fentin kansa. Shi ke ba fili kaushin da takalmi ke kamawa, shi ne kuma yake yanke saurin wasa. In yashi ya yi yawa, ko ƙwayarsa ta yi kaifi, ƙwallo tana taɓa ƙasa sai ya riƙe ta, gudunta ya ragu, ta tashi sama. In ya yi kaɗan, sai ta sulale ƙasa-ƙasa da sauri, mai ƙarfin sabis, wato bugun farko na jefa ƙwallo cikin wasa, ya ji daɗi. Hukumar tenis ta duniya, ITF, tana auna wannan da maki ta kasa filaye gida biyar: 29 zuwa ƙasa mai nawa ne, wato marar sauri, 30 zuwa 34 mai ɗan nawa, 35 zuwa 39 matsakaici, 40 zuwa 44 mai ɗan sauri, 45 zuwa sama mai sauri. Shi ya sa filaye biyu za su zama shuɗi iri ɗaya amma wasa a kansu ya sha bamban. Gasar Ostareliya da ake yi a Melbourne cikin Janairu ita ma kan daɓe mai tauri ce, amma tata shimfiɗar GreenSet ce tun 2020, ƙwallonta Dunlop, ta New York kuwa Wilson.

A New York duk shekara ake sabunta saman filayen kafin gasa, saboda takalmi yana cinye yashin, musamman bayan layin ƙarshe inda aka fi tsayawa. Ku ba ku buƙatar haka. Filin makaranta da aka yi da kyau yakan kai shekara huɗu zuwa takwas kafin ya nemi sabon shafi. Ni shawarata ku nemi matsakaici ko mai ɗan nawa. Yaro mai koyo yana bukatar ƙwallo ta ba shi lokacin gyara ƙafa, ya kuma saba da doguwar musaya. Fili mai sauri bugu ɗaya yake koya wa yara, ko su ci ko su zubar.

Maganar abin da ke ƙarƙashin fenti kuwa ta magina ce, bari Injiniya ya shigo.

Injiniya, Daura

Malam, sannu da ƙoƙari. Koci ya yi bayanin sama, ni zan yi na ƙasa, don nan ne kuɗin yake, nan ne kuma ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Fenti tufafi ne, jikin da aka sa wa yake bi. In kankare ya tsage zai tsage tare da shi, in akwai kwari zai nuna kwarin.

A fara da wuri. Cikakken fili da sararin gudu mita 36.57 ne a tsawo, 18.29 a faɗi, wato ƙafa 120 da 60, kusan murabba'in mita 669. Tsawon ya bi kudu da arewa. In aka shimfiɗa shi gabas da yamma, hantsi da la'asar, lokutan da za a fi wasa, ɗaya daga cikin 'yan wasan rana yake kallo ido da ido. A duba bishiyoyi. Bedi yana da daɗin inuwa amma saiwarsa tana tafiya nesa ƙarƙashin ƙasa tana neman danshi, kuma ƙarƙashin daɓe ne danshi ya fi zama. Ko a nisanta fili da shi, ko a haƙa rami tsakaninsu a zuba katangar kankare mai zurfi ta tare saiwar. A kuma binciki tarihin wurin wajen dattawan unguwa. Ƙasarmu ta nan yawanci jigawa ce, tana shan ruwa, wannan alheri ne. Amma in tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, zai ci gaba da zama shekara da shekaru, ba kuma rodin da zai hana daɓen bin sa.

A kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki gaba ɗaya. A zuba jar ƙasa mai kyau kaɗan-kaɗan, kowane zubi kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa, a bi da rola, sannan a ƙara wani. Masu gaggawa sukan juye tifa goma lokaci guda su bi sama da rola sau biyu. Saman ya yi tauri, cikin yana nan sako-sako, damina ɗaya ta isa ta lotsa shi. A sa maganin gara. Bayan nan tsakuwa santimita 10 zuwa 15, ita ma a daddaɓe.

Tun a wannan mataki ake fitar da gangara, ba a saman kankare ba. Ana son santimita ɗaya a kowace mita ɗaya, kada a wuce haka. In daga gefe zuwa gefe ne, wanda shi ya fi, ɓangare ɗaya zai fi ɗayan tudu da kusan santimita 18. Gangarar ta tafi fuska ɗaya tak. Kada a yi wa fili doro a tsakiya kamar titi, kada kuma a gangaro daga raga zuwa baya ta ɓangarorin biyu, domin hakan yana canza tsayin raga ga mai bugu. A ƙasan gangarar a yi kwalbati ko lambatu mai ɗaukar ruwan Agusta ya fitar da shi nesa. Ruwan da ya tsaya a gindin daɓe shi ke komawa ƙarƙashinsa.

Kwalta ko kankare? A ƙasashen waje an fi yin kwalta don ta fi araha a wurinsu. A nan ni kankare nake ba da shawara. Kwalta mai kyau tana bukatar injin shimfiɗa da rola mai nauyi da kaya mai zafi daga masana'anta, kuma ba kowane ɗan kwangila zai kawo waɗannan don fili ɗaya ba. Zafin Afrilu yana tausasa ta, da shekaru kuma ta bushe ta tsattsage. Kankare kuwa birkilolinmu sun san shi, in aka tsaya a kansu.

Kafin zubi a shimfiɗa leda mai kauri a kan tsakuwar, bakin kowace ya hau kan ɗaya sosai a manne. Wannan ledar ita ke hana danshin ƙasa hawowa ya tura fenti ya yi bororo. Kaurin kankare santimita 12.5 da rodi, a ɗaga rodin a kan 'yan duwatsu ya zauna tsakiyar zubin, don rodin da ya kwanta a ƙasa ba ya aikin komai. Lissafin ya kama kusan kubik mita 84. A haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowace kubik mita tana cin buhu shida da ɗoriya, ka ga an haura buhu 500. Duk wanda ya kawo muku lissafin buhu 200 ku tambaye shi ina sauran za su fito. Da injin kwaɓi za a yi, ba da shebur ba, kuma a hana leburori ƙara ruwa don aiki ya yi musu sauƙi. Ruwa mai yawa shi ne uban tsagewa.

Kankare yana motsi. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin ranar bazara, daɓe mai tsawon mita 36 zai miƙe ya tsuke da kusan santimita ɗaya. In ba a ba shi wurin motsi ba zai nema wa kansa a tsakiyar fili. Saboda haka a zuba shi gida biyu, mahaɗar ta faɗo daidai ƙarƙashin raga inda ƙwallo ba ta sauka, a cike ta da abu mai laushi. Kowane rabi a gama shi rana ɗaya ba tsayawa. Ramukan sandunan raga a yi musu nasu tushe daban, zurfin kusan mita ɗaya, a raba su da daɓen, in ba haka ba jan igiyar raga zai fasa shi daga nan.

Ga wurin da za ku yi faɗa da birkila. Al'adarsu su barbaɗa garin siminti su goge da cokali har ya yi sulɓi kamar tsakar ɗaki. A filin tenis wannan ɓarna ce, akirilik ba ya kama sulɓi. A daidaita da katako, a ja burushi a kai ya bar ɗan kaushi. Sannan a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko leda, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Kada a fesa man nan na hana bushewa, yana hana fenti kamawa. In aikin ya faɗo cikin hunturu a yi zubi da yamma ko da sassafe, a kare shi daga iska, domin busasshiyar iskar tana shanye ruwan sama kafin ciki ya kama, sai ka ga ƙananan tsage-tsage tun ranar farko.

A jira kwana 28 cif kafin fenti. Cikin jiran a yi gwaji biyu. A malale filin da ruwa, a ba shi awa ɗaya a rana, duk inda ruwa ya rage da zurfin milimita 2 a zagaye shi da alli a cike. A kuma ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita uku a wurare daban-daban, kada ratar ƙarƙashinsa ta wuce milimita 6. Na danshi kuma, a manne 'yar leda a kan daɓen ta kwana. In da safe an ga gumi a cikinta, bai shirya ba.

Malamin Wasanni, Ƙofar Ƙaura

Koci, Injiniya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Buhu 500 ya fi ƙarfin abin da aka tara yanzu. Shin babu yadda za a yi a liƙe tsohon daɓen a yi shafin a kansa? Wasu tsage-tsagen siriri ne, amma akwai guda biyu da yatsa ke shiga. Sannan shi fentin, yaya ake shafa shi, ko mai fentin gida zai iya?

Injiniya, Daura

Malam, ɗauki miƙaƙƙen katako ka ɗora a kan manyan biyun. In bakin nan da bakin can suna daidai, daɓen ne ya tsuke ya dare, ana iya lallaɓa shi. In ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko ka ƙwanƙwasa ka ji amon rami, ƙasan ne ya zauna, kuma duk abin da aka shafa a kai asara ce. Wannan ɓangaren sai an fasa, a gyara ƙasa, a sake zubi.

Waɗanda za a iya lallaɓawa, a buɗe bakinsu da injin gurza, a cire ciyawa har saiwa, a wanke, a bari su bushe, a cike da haɗin siminti da yashi da ruwan akirilik na liƙi, a goge ya yi daidai. Siminti da ruwa zalla ba ya riƙewa, zai ɓalle. Amma a gaya wa masu ba da kuɗin gaskiya tun yanzu: tsagar da aka cike tana dawowa, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu, tun da motsin da ya haife ta bai daina ba. Akwai wani ƙyalle na musamman da ake shimfiɗawa a kan tsaga kafin fenti, yana jinkirta dawowarta. Hanya ta tsakiya ita ce a bar tsohon daɓen ya zama tushe, a zuba masa ɗan yashi da leda, a ɗora sabon kankare santimita 10. Ledar za ta hana tsohuwar tsaga hawowa. Wannan kusan kubik mita 67 ne, kuma an huta da haƙa da tsakuwa.

Mai fentin gida zai iya in ya yarda ya ajiye rola da burushi. Akirilik na fili zuba shi ake yi a ƙasa, a ja shi da faffaɗar roba mai mariƙi, irin ta janye ruwa, daga wannan gefe zuwa wancan ba tsayawa. In aka tsaya a tsakiya sai tabon ya zauna. Kankare sai an wanke shi da asid mai rauni, da safar hannu da tabarau, a ɗauraye sosai, a sa shafin farko mai kama siminti, sannan sauran. Kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Ruwa da yashin da za a ƙara a bi awon da kamfanin ya rubuta a jikin durom, a kuma riƙa motsawa don yashi yana kwanciya ƙasa. Yashin rafi bai dace ba, yana da laka da ƙwaya manya. Fentin mai da fentin titi kuwa kada su kusanci filin, su ne masu santsi da ɓarewa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ba a shafi in hadari ya haɗu, ko sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, ko daɓen ya yi zafin da tafin hannu ba zai jure ba. Ranar da ƙura ta yi kauri a haƙura. In kuɗi bai kai ba, a bar shafin roba, a sa kuɗin a tushe.

Hajiya Alƙaliya, Ƙofar Soro

Sannunku da aiki. Malam, ga awon, a ba mai jan layi a rubuce.

Tsawon fili mita 23.77. Faɗinsa 8.23 in mutum ɗaya da ɗaya ne, 10.97 in bibbiyu ne. Layin sabis yana mita 6.40 daga raga ta kowane ɓangare. Duk awo daga wajen layi ake ɗaukarsa, domin layi cikin fili yake, ƙwallon da ta taɓa shi ko da gefenta ta shiga. Faɗin layi santimita 5, na ƙarshe ana iya kai shi 10. Kafin a ja komai a gwada kusurwa zuwa kusurwa da tef: duka biyun su ba da mita 26.18. In sun saɓa, filin ya karkace ko da sauran awon sun yi daidai. A manna tef ɗin takarda gefe biyu kafin a shafa fari, shi ma farin a sa masa ɗan yashi don kada ƙwallo ta sulale a kansa.

Raga tsayinta mita 1.07 a sanduna, 0.914 a tsakiya, inda farin ɗamara ke janyo ta ƙasa. Filayenmu da yawa ba su da wannan ɗamarar, sai yaro ya saba da raga mai tsayin da ba na doka ba. Sandunan suna mita 0.914 a wajen layin gefe, tsakaninsu mita 12.80 ke nan. Wayar shinge ta kai mita uku, idonta kada ya yi faɗin da ƙwallo za ta maƙale.

Ina roƙon kada a rage sararin baya. Mita 6.40 a bayan layin ƙarshe da 3.66 a gefe shi ne mafi ƙanƙanta a gasar ƙasa da ƙasa. In wuri ya matse, 5.48 da 3.05 za su yi wa makaranta, amma kada a sauka ƙasa da haka. Duk wanda ya kalli Daniil Medvedev, wanda ya ci gasar a 2021, yana karɓar sabis daga can kusa da allon baya, zai gane amfanin wurin.

Tun da gasar ce ta jawo sha'awar, a bar ɗalibai su kalle ta da fahimta. Maza 128 ne, mata 128. A kowane ɓangare 16 sukan fito ta wasannin share fage, inda sai mutum ya ci wasa uku. Ana ware manya 32 don kada su haɗu da wuri, kuma sai an ci wasa bakwai a jere ake ɗaukar kofi. Emma Raducanu ta Ingila a 2021 daga share fage ta taso har ta cinye, ba ta rasa set, wato zangon wasa, ko ɗaya ba. Maza sai wanda ya ci set uku cikin biyar, mata biyu cikin uku. In an yi gem shida da shida a set, wato ƙananan zagayen da ke cikinsa, sai raba-gardama zuwa maki bakwai, a set na ƙarshe kuwa zuwa goma, tsarin da manyan gasannin tenis huɗu na duniya suka haɗu a kai tun 2022. Daƙiƙa 25 ake ba mai sabis tsakanin maki, da agogo a fili tun 2018. Masu tsaron layi ma babu su yanzu, na'ura ce ke kira.

A nuna wa 'yan mata musamman. US Open ce ta fara biyan mata daidai da maza cikin manyan gasa, a 1973, bayan matsin shahararriyar 'yar wasan Amurka Billie Jean King. A shekarar Margaret Court da John Newcombe kowa ya karɓi dala 25,000. A 2025 Aryna Sabalenka da Carlos Alcaraz kowa dala miliyan 5. Ons Jabeur ta Tunisiya, Musulma 'yar Afirka, ta kai wasan ƙarshe a 2022, Iga Swiatek ta doke ta. Babban filin kuma, mai ɗaukar mutum sama da 23,000, sunan Arthur Ashe yake ɗauke da shi, baƙar fatan da ya ci gasar a 1968. Shi ne yake tsakiyar wasa a Legas cikin Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala, sojoji suka shigo suka tsayar da wasan.

Muna gaban New York da awa biyar a lokacin gasar. Wasannin ƙarfe 11 na safe a can, ƙarfe 4 na yamma ne a nan, daidai bayan la'asar. Na dare da ake farawa ƙarfe 7 kuwa sha biyun dare ne a wurinmu, ba na ɗalibai ba ne.

Koci, GRA Katsina

Na yarda da Injiniya a kan barin shafin roba in kuɗi ya gaza, amma a san abin da aka bari. Kankare ba ya sassauta wa gwiwa da idon sawu ko kaɗan, ya ma fi kwalta tauri. Abin da zai maye gurbin robar shi ne takalmi. Na tenis ne mai faffaɗan tafi da ƙarfi a gefe, ba na gudu ba mai tudu a dunduniya, wanda ke juyar da ƙafa in an yi gefe da sauri. Silifas da takalmin ƙwallon ƙafa mai ƙusa kada su hau. Yara ƙanana kada a dinga ba su awa biyu a jere a kansa kullum.

Zafi kuma ba abin wasa ba ne. Daɓen yana fin iska zafi nesa ba kusa ba. A New York ma, da zafi ya tsananta a 2018, sai da aka ba maza hutun minti goma bayan set na uku, mata kuma dama suna da irinsa kafin set na ƙarshe. Daga Maris zuwa Mayu a tsaya ga sassafe da bayan la'asar, a ajiye randa ko kula a bakin fili, kowa ya sha duk lokacin canza gefe. Zafi yana sa ƙwallo ta ƙara tashi, yana kuma sassauta igiyar raket. Yawancin raket ana ɗaure su tsakanin kilo 22 da 26, kuma wanda aka bari a but ɗin mota da rana ba zai riƙe nasa ba.

Ƙurar hunturu ita ce za ta fi cin filin. In ta kwanta tana sa santsi, takalmi kuma yana gurza ta a kan fenti. A share da tsintsiya mai laushi kafin wasa, a wanke da tiyo lokaci-lokaci, a kwashe ganye da 'ya'yan bedi kafin su yi tabo. A sa ƙofa da kwaɗo. Kujerun ƙarfe da rumfunan taro da jakin babur suna huda shafin, ruwa ya shiga ta nan ya fara ɗaga shi. A rubuta wannan cikin yarjejeniya da hukumar makaranta tun kafin a fara aiki.

Ƙwallo tana zuwa cikin gwangwani mai iska, da an buɗe ta fara saki. A gasar ana canza su bayan gem bakwai na farko, sannan duk bayan tara. Ku gwajinku mai sauƙi ne: a saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan daɓen, mai lafiya za ta tashi tsakanin 135 da 147. Wadda ta gaza a bar ta don koyon sabis.

Ga 'yan ƙasa da shekara goma kada a fara da wannan ƙwallon, tana tashi sama da kansu sai riƙon raket ya lalace. Akwai ja mai laushi da ake bugawa a fili mai tsawon kusan mita 11 da raga santimita 80, sai ruwan lemo a fili mai mita 18, sannan kore a cikakken fili. Mita 11 ɗin ita ce faɗin babban filin, saboda haka in aka gitta ƙananan raga za a fitar da filayen yara huɗu a cikinsa, yara goma sha shida su yi wasa lokaci guda. Layukansu a yi da tef ko alli, kada a zana su da farin fenti.